MDF marar nauyi, katakon wawa, POP ko alminiyom: da wanne za ka yi mol ɗin gasa roba?

Aikin gasa roba a zuƙe iska ba shi da sarƙaƙiya a ido. Ana ɗaure fallen roba a firam, a gasa shi har ya yi laushi ya fara saki a tsakiya, a kifa shi a kan mol, wato abin da aka sassaƙa da siffar da ake so, sannan a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, robar ta manne ta ɗauki siffar mol ɗin. Da haka ake yin haruffan allunan shaguna masu tudu, da fuskar akwatin fitila, da faranti mai gurabe na jera kaya, da mazubin sabulu, da murafen da ake ɗaura wa babur da keke mai ƙafa uku. Masu ƙananan shaguna a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi da ke son shiga wannan aiki sukan kashe hankalinsu a kan injin, alhali mol ne ke yanke hukuncin yadda kaya za su fito. Duk abin da ke jikinsa, ko da layin gam ne ko ƙwayar ƙura, robar za ta kwafe shi.

Kafin a zaɓi abin da za a sassaƙa, a san irin wahalar da mol ke sha. Fallen roba nau'in HIPS ko ABS yana sauka a kansa da zafin digiri 150 zuwa 180, nau'in PETG kuwa, mai garau kamar gilashi, tsakanin 120 da 160. Ga kuma matsi. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya, don haka idan famfo mai kyau ya zuƙe kashi 80 cikin 100 na iskar, mol mai faɗin santimita 50 da tsawon 50 yana ɗauke da nauyin tan 2. Sai na uku, wanda aka fi mantawa: roba tana tsukewa idan ta huce, ta shaƙe mol mai tudu, kuma wajen ɓanɓaro ta ne gefuna ke gutsurewa.

MDF marar nauyi da ɗan'uwansa na yau da kullum

MDF zaren katako ne da aka niƙa, aka cuɗa da gam, aka matse da zafi. Na yau da kullum yana da nauyin kilo 700 zuwa 800 a kowace mita kubik. Marar nauyi bai wuce 650 ba, akwai kuma wanda ya fi shi sauƙi, ƙasa da 550. A kasuwa ba kowane mai sayarwa ne zai iya bambance maka su ba, amma sikeli ba ya ƙarya: cikakken falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 18, idan na yau da kullum ne zai kai kilo 40, marar nauyin kuwa tsakanin 27 da 33. A kiyayi abubuwa biyu da ake yawan miƙa wa mai saye da sunan MDF. Na farko allon ɓarzajjen katako, wanda idan ka dubi gefensa za ka ga gutsattsari manya, wannan ba ya sassaƙuwa, marmashewa yake yi. Na biyu MDF mai farar fata ta melamin da ake yin kabad da shi. Fatar ba ta barin iska ta wuce, gam ma ba ya kama ta, sai an kankare ta gaba ɗaya.

Babbar falalar marar nauyi ita ce yana numfashi. Zarensa bai cure sosai ba, saboda haka iska tana ratsa jikinsa. A mol mai faɗi mai lanƙwasa a hankali, irin fuskar allon talla, wannan yana nufin ba sai an huda ɗaruruwan ramuka ba, ko'ina a jikinsa ƙofar iska ce, kuma ba a samun iska ta maƙale a tsakiyar fili ta bar kumburi. Sai dai fuskokin allon biyu sun fi cikinsa curewa, domin su ne suka taɓa ƙarfen matsi a masana'anta. A share kusan rabin milimita daga sama da ƙasa da rawuta (injin sassaƙa katako) ko samfefa mai kaushi, numfashin zai buɗe. Idan mol mai rami ne, wato robar za ta shiga ciki, dole a toshe gefunan waje da sila (ruwan shafawa mai toshe ƙofofin katako) ko fenti, in ba haka ba famfo zai yi ta jan iskar ɗaki ta gefe maimakon ta ƙarƙashin roba.

Yana kuma da daɗin sassaƙa. Ba shi da jijiya irin ta itace, ba shi da gaɓa, ko ta wane ɓangare aka bi da kurfi ko samfefa haka yake ci. Bakin rawuta yana daɗewa a kansa fiye da a kan na yau da kullum. Mol mai tsawon mita guda da aka haɗa da falle huɗu, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi ya ɗora a inji.

Rauninsa yana gefe. Duk inda aka yanka aka bar kusurwa mai kaifi, zaren wurin ba shi da abin riƙewa, kuma kowane cirewa yana tafiya da ɗan kaɗan. Haruffa ƙanana, siraran layuka, tudu mai kauri ƙasa da milimita 6, duk waɗannan ba aikinsa ba ne. Sukuru ma ba ya riƙe shi da kyau, musamman ta gefe, inda yake tsage allon gida biyu idan ba a fara huda masa hanya ba. A nan na yau da kullum ya fi shi nesa ba kusa ba: gefensa ya fi ƙarfi, fuskarsa ta fi santsi bayan gugewa, yana shan sila kaɗan. Shawarar da ta fi dacewa a aikin da ke da fili babba da ƙananan ado ita ce a haɗa su, jiki na marar nauyi, haruffa da gefuna na mai nauyi ko na katako mai tauri.

A shafe shi ko a bar shi yana numfashi

Wannan ita ce tambayar da ke raba masu aikin, kuma amsar tana bin irin robar da yawan kayan da ake so.

Idan HIPS mai launi ne, kaurin milimita 1 zuwa 2, kuma guda goma ko ashirin ake buƙata, a bar shi haka nan. A goge da samfefa 120, a bi da 220, a busa ƙurar, a ɗan barbaɗa hodar jarirai don sauƙin cirewa. Alamar zaren za ta fito a fuskar robar da ta taɓa mol, amma a mol mai tudu wannan fuskar ciki ce, ba mai ganinta.

Idan roba mai haske ce kamar PETG, ko kayan sun haura hamsin, dole a shafe. PETG yana nuna kowane gashin zare, ya mayar da murfin da ya kamata ya zama garau tamkar gilashin da hazo ya rufe. Abin shafawa mafi kyau shi ne ifoksi mai ruwa-ruwa, wato gam da ake haɗa ruwa biyu ya taurara, wanda allon zai sha ya taurara daga ciki. Shafi na farko yana ɓacewa cikin mintuna, musamman a gefuna, sai a ƙara har allon ya ƙoshi. A bari ya bushe kwana guda, a goge da 220, a sake shafi na biyu, a ƙare da 320. Kada a wuce haka zuwa ƙyalli irin na madubi, domin roba mai zafi tana manne wa fuska mai tsananin santsi ta rufe hanyar iska, sai ka ga tabo-tabo. A kuma tambayi zafin da ifoksin ke jurewa. Na gama-gari yana fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60, wanda ya isa idan ana barin mol ya huta, amma bai isa aikin jere ba. Silar kafintoci ta fi araha, tana bushewa da wuri, tana kuma yin aiki na ɗan lokaci. Fentin mai da banish kuwa a bar su: zafi yana narkar da su su manne a jikin roba.

Da zarar an shafe, numfashi ya ƙare, sai huda. Ana hudawa bayan shafi, domin idan an riga an huda ifoksi zai cike ramukan. Faɗin rami kada ya wuce milimita 1, a roba siririya ma 0.5 zuwa 0.8, in ba haka ba zai bar ƙurji a jikin kaya. Bakin dirila mai wannan siranta gajere ne, yana karyewa da wuri, don haka ana fara hudowa daga ƙasa da baki mai milimita 5 ko 6, a tsaya saura milimita 3 a ɓullo, sannan a ƙarasa daga sama da siririn. Wurin ramukan shi ne duk inda roba za ta isa a ƙarshe: kusurwoyin ciki, gindin bango, cikin haruffa irin su O da A, tazarar santimita 2 zuwa 3 a kwana, 5 a fili.

Akwai kuma batun gam, wanda ke ɓata mol da yawa tun kafin a kunna inji. Mol mai tsayi falle-falle ake haɗa shi, kuma kowane layin gam bango ne da iska ba ta ratsawa. Ya kuma fi allon tauri, ga fuskokin allon masu curewa a gefensa biyu, saboda haka idan ana gugewa tsakiyar falle tana cinyewa, layin yana tsayawa, sai a sami ratsi-ratsi a jikin roba. Maganinsa a share fuskokin kafin a haɗa, a shafa farin gam siriri, a matse da kilam kwana guda, a naɗe samfefa a jikin katako miƙaƙƙe maimakon gugewa da tafin hannu, sannan a huda ramuka daga ƙasa su ratsa duk layukan. Gam mai warin fetur da ake manna fomaika da shi yana saki da zafi, kada a kusance shi. Ramin da ya gutsure a cike da filar masu gyaran jikin mota, tana jure zafi, tana guguwa lafiya.

Laimar Kumasi ma abokiyar gaba ce. Daga Maris zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, allon da aka jingine a bangon shago yana shan danshi ya kumbura, kuma MDF idan ya kumbura ba ya komawa yadda yake. Marar nauyi ya fi saurin sha. Idan aka shafe allo mai danshi, zafin roba zai mai da ruwan tururi ya ɗaga shafin ya yi bororo. A busar da mol a wuri mai ɗumi, kamar digiri 50, na wasu awoyi kafin shafi. A shafe sama da ƙasa duka, domin wanda aka shafe fuska ɗaya yana kantarewa. Bayan aiki a naɗe shi a leda, a ajiye shi kwance a kan kanta, nesa da siminti. Akwai MDF mai jure danshi, wanda galibi ake rina cikinsa kore, ya fi dacewa da mol ɗin da za a ajiye a dawo masa bayan watanni, sai dai numfashinsa kaɗan ne.

Ƙurarsa ba abin wasa ba ce. Ta fi garin katako laushi, tana ɗauke da gam mai sinadarin fomaldihaid, tana daɗewa a iska. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci bai isa ba, a nemi takunkumin ƙura na gaske, a yi yankan a waje ko kusa da injin zuƙar ƙura, kuma yaran shago su ma a ba su nasu.

Katakon gida

Icen da mutanen Asante ke kira wawa shi ne babban abokin takarar MDF a wannan gari, kuma ana samunsa a kasuwar katako ta Sokoban ba tare da jiran kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema ba. Nauyinsa kusan kilo 380 ne a mita kubik, wato ya fi MDF marar nauyi ma sauƙi. Yana sassaƙuwa da wuƙa da kurfi cikin daɗi, ba ya fitar da ƙaro idan ya ji zafi, kuma da yake zarensa dogo ne, gefensa yana lotsawa maimakon ya marmashe. Ga abu mai zurfin lanƙwasa da za a sassaƙa da hannu, kamar murfin fitilar babur, ya fi MDF.

Aibinsa biyu ne. Jijiyarsa tana fitowa a jikin roba sai an shafe sosai. Sannan yana motsi: yana buɗewa a damina, yana tsukewa da hunturu, kuma ta faɗi yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya canzawa, don haka da'ira takan koma kamar ƙwai. Katakon da aka yanko kwanan nan zai tsage bayan gashi kaɗan. A nemi busasshe, a tsaga shi sanda-sanda masu faɗin santimita 5, a juya jijiyar kowace saɓanin ta kusa da ita, a manne. Ƙurar wawa tana tayar wa wasu mutane da asma, takunkumi a nan ma wajibi ne. Inda ake son gefe mai ƙarfi, madaci ya fi, ko da yake ya fi tsada da wuyar sassaƙa. Katakon fayin na tsofaffin akwatunan kaya yana zubo da ƙaro da zafi, ba ya yi.

POP

Ga wanda yake da abin a hannu yana son kwafarsa, POP ya fi komai sauƙi, kuma duk mai sayar da kayan silin yana da shi. Kilo 1 na gari, ruwa kamar giram 700, a zuba garin cikin ruwa, a bubbuga don kumfa ta fito. Yana daskarewa cikin rabin awa, amma bushewarsa kwanaki ce, a damina ta fi mako, kuma wanda bai bushe ba yana fitar da tururi ya ɓata roba. Ramukan iska ana yin su ne da siraran wayoyi da aka shafa wa mai aka soke kafin ya daskare. Guda uku, guda biyar, gefe ya fara ɓarewa. A ɗauke shi a matsayin matakin gwaji kawai.

Mol ɗin da aka buga da firintar 3D ma haka: PLA, robar da ake bugawa da ita, yana laushi a digiri 60, falle mai kauri zai lotsa shi tun a karo na farko ko na biyu.

Idan oda ta girma

MDF da katako ba sa ɗaukar zafi su watsar. Wannan alheri ne a gashi na farko, domin roba ba ta sandarewa da ta taɓa su, tana samun lokacin shiga kowane lungu. Amma a aikin jere zafin yana taruwa, bayan guda biyar ko shida mol ya yi zafi, roba ta ƙi hucewa, kaya su fito a karkace, gam ya fara saki. Fanka da hutun mintuna tsakanin gashi suna taimakawa, sai dai ranar aiki tana tafiya a jira. MDF da aka shafe da kyau yana iya kai wa 'yan ɗaruruwa. Wanda ke da odar dubbai ya tafi ga alminiyom.

Alminiyom yana watsa zafi fiye da MDF sau dubu da wani abu, ba ya kumbura, ba ya gutsurewa. A Kumasi hanyarsa a buɗe take, domin masu zubin tukwane da masu zubi a Suame Magazine, unguwar makanikai, suna aiki da yashi, kuma abin da suke buƙata daga gare ka samfur ne. Nan MDF ya sake amfani: mol ɗin da ka gwada ka gamsu da siffarsa, irinsa za ka kai. Sai dai a yi lissafin tsukewa sau biyu. HIPS yana tsukewa kusan kashi 0.5 cikin 100, alminiyom na zubi kusan 1.3. Idan kayan da ake so milimita 500 ne, mol zai zama 502.5, samfurin da za a kai wa mai zubi kuwa 509, a ƙara ɗan kauri na abin da za a goge. Zubin yashi yana fitowa da kaushi da ƙananan ramuka, musamman idan tarkacen da aka narka haɗe-haɗe ne, sai an goge an cike. A nemi a zuba shi da rami a ciki, bango milimita 10 zuwa 12 da haƙarƙari, don ya yi sauƙin hudawa. Kuma a ɗumama shi zuwa digiri 60 ko 70 kafin gashi na farko, domin alminiyom mai sanyi yana sandarar da roba nan take ya bar layi a jikinta.

Tsakanin MDF da alminiyom akwai ifoksi mai garin alminiyom da ake zubawa, wanda ke kwafar ado daidai ya kuma jure zafi fiye da digiri 100. Daga waje ake kawo shi, tsadarsa tana bin nauyi, don haka ya fi dacewa da ƙananan mol masu ado da yawa.

Abin da ba ya canzawa ko da me aka yi mol

Bango a tsaye cak ba ya sakin roba. Mol mai tudu yana son gangaren digiri 3 zuwa 5, wato a tsayin santimita 10 kowane gefe ya shige ciki da milimita 5 zuwa 9. A MDF marar nauyi a ɗauki 5, saboda raunin gefensa. Mol mai rami digiri 2 ya ishe shi, tunda roba tsukewa take ta rabu da bango da kanta. Kowace kusurwa a zagaye ta, aƙalla daidai kaurin fallen. Zurfin rami kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na faɗin bakinsa, kuma a tuna roba miƙewa take: rami mai faɗin santimita 20 da tsawon 20 da zurfin 10 yana da fili ninki uku na bakinsa, falle mai milimita 3 zai koma kusan 1, a kusurwa ma ƙasa da haka. Idan an jera mol da yawa a faranti ɗaya, tazararsu kada ta gaza tsayinsu, in ba haka ba roba za ta naɗe a tsakani. A ɗaga mol daga faranti da milimita 2 ko 3 da ƙananan wasa don iska ta sami hanya ta ƙasa.

Ƙarfin famfo ma yana shiga zaɓin. Injin shara mai zuƙar ƙura yana jan iska da yawa amma ƙarfinsa kamar kashi 20 cikin 100 ne, ya dace da HIPS siriri a kan MDF marar nauyi da ba a shafe ba. Famfon masu gyaran firiji da aka haɗa da tanki yana kai wa 80 ko fiye, kuma a ƙarƙashinsa mol mai rami a ciki yana iya burmawa, sai an sa haƙarƙari kowace santimita 15. ABS da akirilik suna shan danshi, kuma a damina fallen da aka bari a buɗe zai yi ƙuraje a wuta ko da mol ɗin ba shi da laifi. ABS ana busar da shi a digiri 70 zuwa 80, kamar awa ɗaya ga kowace milimita ta kauri, a gasa shi a ranar.